Ragar da Yaya Habu Ya Saƙa a Gonar Babanmu

Shekara talatin ke nan da muka kai Yaya Habu makwancinsa a Kademi, Allah ya jiƙansa. Ni Sani, ƙanensa, aji huɗu na tsaya a firamare, don haka kada mai karatu ya sa ran bayanin masana daga gare ni. Abin da na gani da idona zan faɗa.

Shi kaɗai Baba ya bari ya yi nisa a boko. Tun yana firamare a Gaya, cikin shekarun farko bayan samun 'yancin kai, malamai suka ce kansa na lissafi ne. Mu muka zauna a gona, shi ya wuce har jami'a ya karanta aikin injiniya, aka kuma riƙe shi a can yana aiki da kwamfuta. Ba irin ta yanzu ba. Ya ce ta cika ɗaki guda, kuma da kati mai huji ake yi mata magana.

Na taɓa tambayarsa mene ne ainihin aikinsa, sai ya ce saƙar raga. Na ɗauka zolaya ce. Ya bayyana mini cewa in ana so a san ko madatsar ruwa ko gada za ta jure nauyi, na'urar ba ta iya lissafa abu mai lanƙwasa da lungu-lungu gaba ɗayansa. Sai an yayyanka siffar zuwa ƙananan alwatika, wato masu kusurwa uku, kowace ta jingina da maƙwabciyarta, babu giɓi, babu wadda ta hau kan wata. Da hannu mutane ke zana wannan a takarda, su yi makonni. Shi kuwa umarni yake rubuta wa na'urar, ta yadda in an ba ta gefen abu kawai, ita za ta saƙa ragar da kanta, ta yi ƙananan idanu inda siffar ta murɗe, manya inda ta miƙe.

Ban ga amfanin wannan a rayuwata ba sai da Baba ya rasu, a tsakiyar shekarun saba'in. Mu huɗu ya bari: Yaya Kande da ke aure a Toranke, Yaya Habu, ni, da ƙanenmu Idi. Malamai sun faɗi rabo ba gardama, namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya. Gonar ce ta ƙi. Siffarta kamar an shanya fatar akuya, burtalin shanu ya gutsure gefe ɗaya, ga kududdufi a tsakiya, ga fadama a ƙasa, ga jigawa a sama. Dattawa suka zo da igiya suka auna tsawo da faɗi yadda aka saba, amma wannan awo na gona mai kusurwa huɗu ne. Duk lokacin da aka sake awo sai a sami wani abu dabam. Ni na ce an tauye ni, Idi ya ce shi aka tauye. Ina da zafin kai a lokacin, na gaya masa maganganun da har yau nake neman gafarar Allah a kansu. Muka daina gaisawa.

Dagaci ya gaji da mu. Ya ce in ruwan shuka ya sauka ba mu daidaita ba, zai miƙa maganar ga alƙali, kuma kowa ya san ƙarshen wannan: a sayar da gonar a raba abin da aka samu. Gonar da kakanmu ya sare dajinta.

Yaya Habu ya zo a motar kasuwa, da tef ɗin awo da kamfas. Bai yi mana wa'azi ba. Ya bi iyakar gonar da ƙafa, duk inda ta karkata ya kafa turke ya rubuta. Mutane suna wucewa suna cewa ɗan boko ya zo ɗaure awaki marasa jiki. Ya koma jami'a, mu muka zauna muna kallon gabas, don bazara ta riga ta yi nisa.

Ya daɗe. Daga baya ya gaya mana dalili yana dariya: na'urar ta saƙa ragarta tsaf, har da kan kududdufin, ta ƙirga ruwa a matsayin ƙasar noma. Umarninsa bai san siffa mai rami a ciki ba. Sai da ya zauna ya sake rubutu, ya koya mata cewa akwai iyakar waje akwai ta ciki, kuma kowane gyara sai ya bi layi ya jira a karɓi katunansa. Ya ce wannan gyara na kududdufinmu shi ya ci gaba da amfani da shi a ayyukan magudanan ruwa har ya bar aiki. Ina jin daɗin wannan magana ƙwarai.

Ranar da ya dawo ya shimfiɗa faffaɗar takarda a gindin tsamiyar gonar, ga gonar Baba nan an lulluɓe ta da alwatika, ƙanana sun yi cincirindo a bakin kududdufi da gefen burtali. Na zaci rabon ke nan. Sai ya ce faɗi kawai na'urar ta sani, ba ta san inda gero ke yi ba. Ya ce ni da Idi za mu bi shi, yana jan kirtani tsakanin turaku, mu faɗi dami nawa kowane ido na ragar ke bayarwa a shekara mai kyau.

Nan na fara lissafin kaina. In na rage darajar fadama, wanda ya same ta zai sami mai yawa. Kamar ya ji abin da nake saƙawa, ya dube mu ya ce:

"Ku sani, ni ma ban san inda kason kowa zai faɗa ba. Ƙuri'a za a ja. Wanda ya yi wa wuri ƙarya, wataƙila ɗan'uwansa ya yi wa kyauta, wataƙila kansa ya cuta."

Daga nan ba wanda ya ga ribar ƙarya. Muka yi kwanaki muna bin gonar, ni da mutumin da ba na gaisarwa, muna musu a kan ƙasa kaɗai. In mun saɓa, Yaya Kande ce ke yankewa, don ta tsinci gyaɗa a kowane lungu tun muna goye. Akwai wani wuri da na rantse dami uku yake yi, ta ce, "Kai Sani, ukun da aka yi a nan shekarar da jakin Baba ya mutu a wurin ne. Sai ka kashe wani jakin?" Idi ya tuntsire da dariya, ni ma ban san lokacin da na yi ba.

Yaya Habu ya sake komawa da abin da muka faɗa, na'urar ta harhaɗa idanun ragar zuwa kashi huɗu: uku masu amfani daidai, ɗaya rabinsu, na Yaya Kande, kuma ba a jefa ta can ƙarshen jigawa ba kamar yadda aka saba yi wa mata. Hadari ya fara haɗuwa lokacin da ya iso. A gaban dagaci da liman aka ja kara, wato ƙuri'ar. Muka dasa gamba a kan iyakokin, masu zigi-zaga kamar haƙoran zarto, har yau baƙo in ya gani sai ya tambaya.

Kason Yaya Habu ya faɗa tsakanin nawa da na Idi. Ya ce shi hannunsa ya manta fartanya, mu noma masa, amma da sharaɗi ɗaya: kada mu raba shi gida biyu, kuma kada ɗayanmu ya shiga ba tare da ɗayan ba. Ba na'ura ce ta ba shi wannan ba.

Wani lokaci nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Jikata da ke karatun injiniya ta nuna mini a kwamfutarta yadda ake lulluɓe hoton mota ko ƙashin mutum da irin wannan raga kafin a ƙifta ido. Na san da zai yi murna, da zai ja kujera ya tambaye ta yadda take bi da rami a tsakiya. Amma ina jin ransa zai ɓaci in ya ga kotuna cike da 'yan uwa ɗaya uba ɗaya a kan gona, alhali kayan awo sun fi na zamaninsa nesa ba kusa ba. Shi ya gane awo rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne a shirya abu ta yadda faɗin gaskiya zai fi wa mutum sauƙi.

Na'urar tasa an daɗe da kwashe ta. Ban sani ba ko sunansa na cikin wani littafi, ban kuma ji an ba shi lambar yabo ba. Abin da na sani, ba a sayar da ko taku ɗaya na gonar Baba ba, kuma duk kaka 'ya'yansa na karɓar geron ubansu daga hannun baffanninsu biyu. Ni da Idi mun tsufa, 'ya'yanmu ke yin aikin, amma sharaɗin na nan, sai mun tsaya a kai mu biyu ake saran shuka. Jiya an yi ruwa mai kyau a Kademi. Da hantsi sai ga Idi a ƙofar gidana, yana dogara sanda.

"Yaya Sani, tashi mana. Ko sai ƙasar ta bushe ka ce ni na makara?"

Na ɗauki hulata na bi shi.