Takardar da ba ta san yoyo ba

Ni, Babban Manajan wani kamfanin fata a Challawa, ina sanar da jama'a cewa yau kwamfuta ta sha kaye.

Wata uku Madam Rifkatu tana shigar da sunayen tsofaffin fayilolinmu a cikinta. Jiya ta buga jerin a takarda, kowane fayil da kwalinsa da kantarsa. Sai ofis suka ce tunda ga takarda, a sallami Baba Iro mai kula da sito.

Da safe aka nemi fayil ɗin filin kamfani. Takarda ta ce kanta ta huɗu. Muka je, wayam.

"Baba, ina kuka kai shi?"

"Ita takardar taku ta san inda rufi yake yoyo? Duk damina nake kwashe kwalayen gabas zuwa bayan ƙofa."

Ya miƙa hannu ya zaro shi. Maganar sallama dai an fasa.

Ku a wurin aikinku, wa ya san inda ake yoyo?

Gaskiya fa ni ba Manaja ba ne. Ni Habu ne, mai ɗaukar kwali, ɗan makarantar allo. Oga ya tafi sallah ya bar Facebook ɗinsa a buɗe.