Ƙamshi ta Waya

Wani matashin Bajamushe, dogo kamar falwaya, rana ta ƙone masa hanci, yana tsaye a shagon turaren da Nu'uman ke tsaro a kasuwar Dira, can ƙasar Larabawa. Yana shinshinar itacen turare, yana kwatanta ƙamshin ga wata mata da suke kiran bidiyo a waya.

"Matata ce," ya ce da guntun Larabcinsa. "Tana jinyar mutane a bakin daga."

Nu'uman ya danne dariya. Ƙamshi ta waya?

Sai wani abu ya fashe can wajenta, hoton ya girgiza. Amma Bajamushen bai fasa kwatancen ba har ta yi murmushi.

Shi kuwa Nu'uman, gwanin turare, ba bam ba bindiga tsakaninsa da matarsa Muhibba, amma hirarsu ta waya ba ta wuce: "Ya yara?" "Lafiya." "To, madalla."