Man Kitso a Cikin Harsashi

Tsuya ba ta da kyau, ba ta da fara'a. Abin da take da shi hannu ne. Ubanta mai yin laimar takarda ne a garin da ke gindin kwari, tun tana ƙarama ta iya yanka takarda ta liƙa ba tare da ta tattare ba. Da aka kawo ta ƙauyenmu na duwatsun Akita a ƙasar Japan, matar Senkichi maharbi, mata suka dube ta sama da ƙasa suka ce, to, ko ba komai ƙofofin takardar gidansa za su daina shigar da iska.

Bindigar Senkichi tsohuwar ta soja ce da ya gada, mai cin baƙin albarushi, harsashi ɗaya take ɗauka. Shi yake narka dalma ya zuba, sannan ya naɗe kowane harsashi da siririyar takarda zagaye biyu, ya jiƙa da yawu, ya bari ta bushe ta kama. Takardar ce ke hana dalma gogar cikin bututu. Matsalar kunkunniya ce. Harbi ɗaya, albarushi ya bar baƙar dauɗa a ciki, sanyin dutse ya busar da ita ta yi tauri kamar ƙanzo. Harsashi na biyu sai ta yage masa rigar takardar ya tafi inda ya ga dama, ko ma ya ƙi shiga. Maganinta ɗan curin maiƙo ne da ake sawa tsakanin albarushi da harsashi, kaki da kitsen beyar, ƙatuwar dabbar dajin da suke farauta, ya narke da wuta ya bar kunkunniyar da laushi. Beyar da aka yi wa rauni ba ta jiran mutum ya goge bindiga.

Duk wannan aikin maza ne. Uwar Dutse, wadda maharba ke roƙo, ba ta son ko warin mace. Mace ba ta taɓa bindiga, ba ta tsallake ta, kuma kafin a hau dutse maza sukan ƙaurace wa shimfiɗar matansu. Wanda ya karya doka a cire shi daga ƙungiya, shi da rabon nama da kuɗin matsarmamar beyar har abada. Gonar Senkichi kuwa ba ta kai su ko tsakiyar hunturu.

Ɗansu na fari yana rarrafe sanyi ya cinye wa Senkichi yatsu uku na hannun hagu, har da babban. Harbi bai gagare shi ba, ya ɗora bindiga a kan dungun ya ja kunama da dama. Naɗin takarda ne ya gagara. Tsuya ta yi kwanaki tana kallonsa yana ɓata takarda yana zagi. Ran nan ta ja ƙofa ta rufe, ta miƙa hannu.

"Kawo."

"Kin haukace?"

"Wannan da ka naɗa ko kaza ba zai samu ba. Kawo, baban yara, shinkafa na kan wuta."

Ya ba ta. Shekara da shekaru haka suka yi, ƙofa a rufe, ita tana naɗi tana yanka maiƙo, shi yana tsaye a bakin ƙofa yana tari idan ya ji tafiya.

Shekarar da abin ya faru, ƙanƙara ta fara narkewa, beyar sun fara fitowa daga ramukansu, an sa ranar hawa dutse. Ana gobe Tsuya ta buɗe tukunyar maiƙo ta tarar ɓeraye sun riga ta. Neman kaki a maƙwabta tona asiri ne, don me mace za ta yi da kaki ana gobe farauta? Sai ta ɗauko man kitsonta. Shi ma kaki ne da mai, taurinsa daidai. Ta yanka ta sa, ba ta gaya masa ba, don ta san zai tsaya yi mata wa'azi.

Sai da maharba suka ɓace a bayan itatuwa ta zauna gyara kanta, ta buɗe gwangwanin, ƙamshin kanumfari ya bugi hancinta. Ita ta saba da shi, shi ya sa jiya ba ta lura ba. Amma a dutse, cikin iska mai tsabta, a tsakiyar maza da suka yi kwanaki ba su kusanci mace ba, wuta za ta narka shi ta watsa.

Ba ta yi kuka ba, ba halinta ba ne. Ta cire takardun ƙofofin gidan duka, waɗanda ba abin da ya same su, ta sake liƙa sababbi. Maƙwabciyarta ta leƙo ta ce, "Baƙi za ki yi?" Ta ce, "Wataƙila."

Da suka sauko, an ji ihun yara tun daga gada, alamar an samu. Senkichi ya shigo leɓɓansa sun yi shuɗi, yana atishawa. Bai dube ta ba. Ya rataye bindiga ya zauna a bakin murhu ya ce, "Tsoho Gonzaburo yana tafe."

Gonzaburo shi ne shugaban farauta, maganarsa ce doka a dutse. Shugaba ba ya kai rabo gidan kowa da kansa. Amma ya shigo da ƙunshin nama, ya zauna ba a ce ya zauna ba, shi ma yana jan hanci. Tsuya ta durƙusa ta zuba masa giyar shinkafa mai ɗumi.

"Sannu da dawowa, Baba."

"Sannunki. Mijinki ya ba ki labari?"

"Bai ce komai ba."

"Ba zai ce ba, haƙoransa ba su gama kaɗawa ba." Ya kurɓa. "Jinroku ɗan ƙungiyarmu ne ya fara harbi, ya sami beyar a cinya, ya tsaya kokawa da bindigarsa, harsashi na biyu ya ƙi shiga. Ta yo kan masu kora, waɗanda ke taso mana ita. Wannan mai guntun hannun ya harba, ya sake, ya sake. Duka ukun suka shiga kamar ana zura allura. Na ukun ya kwantar da ita."

Tsuya ta sunkuyar da kai tana jira.

"Hayaƙi ya taso, sai muka ji kamar an buɗe ɗakin amarya. Jinroku ya ce, ‘Kai, wa ya zo da matarsa a aljihu?’ Na tambaya wa ya karya doka. Kowa ya dubi ƙafarsa. Ashe masu abin ɓoyewa suna da yawa." Ya yi atishawa. "Tunda ba wanda ya amsa, na ce kowa ya tuɓe. Muka shiga rafi muka yi wankan tsarki, har ni, da tsufana. Ƙanƙara na yawo a kan ruwan. Jinroku ya kira sunan uwarsa."

Senkichi ya buɗe baki, tsohon ya ɗaga masa hannu.

"Kai, rufe. Ban tambaye ka ba, kada ka gaya mini abin da zai sa in yi hukunci." Ya zaro harsashi ɗaya daga ɗamararsa, cikin na Senkichi, ya juya shi a hasken wuta. Gefen takardar ya haɗu da gefe, ko gashi ba zai shiga ba. "Tun shekarar da yatsunka suka tafi nake kallon naɗin nan. Na ce, ikon Uwar Dutse, mutum ya rasa yatsu aikinsa ya ƙara kyau."

Ba wanda ya yi dariya.

"Uwar Dutse ta ba mu beyar. Da ta yi fushi da ba ta bayar ba. Ni ba na ɗaukaka ƙara a kan hukuncinta." Ya ciro curin kaki daga hannun rigarsa ya ajiye a kan tabarma, daidai tsakanin miji da mata. "Wannan ba ya ƙamshin komai. Senkichi, ka riƙa sa shi. Kai ne kake naɗawa, ko ba haka ba?"

"Ni ne, Baba."

"Madalla. Ka kuma sami kyanwa." Ya miƙe, ya tsaya a bakin ƙofa yana shafa sabuwar takardar da yatsa. "Aikinki, 'yata?"

"Nawa ne."

"Na ga alama."

Da ya fita, Tsuya ta zauna inda take har giyar ta huce. Senkichi ya ce, "Da kin gaya mini." Ta ce, "Da ka tsaya wa'azi, beyar ta cinye masu kora. Matso kusa da wuta, kana ɗiga mini a tabarma."

Ta ci gaba da naɗi a bayan rufaffiyar ƙofa har idon Senkichi ya daina ganin nesa ya ajiye bindiga. Ba ta ƙara sa man kanumfari a kanta ba, ta ba maƙwabciya gwangwanin. Ta riga mijinta tsufa, shi kuma ya riga ta mutuwa. A shekarunta na ƙarshe ba ta gane jikokinta, amma in aka miƙa mata guntuwar takarda sai ta lasa, ta naɗe ta a ɗan yatsanta zagaye biyu, ta ce a rufe ƙofa.