Kukan Yaya a Cikin Fim

Yaya nake ce mata, ko da yake ba mu haɗa uwa ko uba ba. Ita Badamagariya ce, ni Bakanuwa, don haka tun ranar da muka fara haɗuwa a matakalar benenmu a unguwar University Heights da ke Bronx, can Amurka, ta ce Allah ya kawo mata baiwa har gida. Na ce mata ban taɓa ganin uwargijiyar da ke wuni a tsaye tana yi wa mutane kitso ba. Kitso take yi a wani shago kusa da Fordham, ni kuma ina kula da wata tsohuwa da ba ta iya tashi. Haka muka zauna shekaru, abincinmu ɗaya, tsiyarmu ɗaya.

'Ya guda gare ta, wadda ta baro a hannun kakarta tun tana ƙarama. Yarinyar ta girma, ta yi aure, ta rasu wajen haihuwa a Damagaram. Yaya ba ta da takardun da za ta je ta dawo, sai aka yi zaman gaisuwa a ɗan falonta. Ban ga ɗigon hawaye a idonta ba. Da wata yarinya 'yar Kumasi ta shigo ta ɗora hannu a ka za ta kurma ihu, Yaya ta daka mata tsawa.

"Kul! Kada ki ƙona mini 'ya."

Haka aka tashe ta, ni ma haka aka tashe ni. Kakanninmu sun ce kururuwa a kan mamaci zuba masa take yi a kabari kamar tafasasshen ruwa. Ni na ɗauki maganar a irin abin da ake faɗa don mata su yi shiru. Yaya kuwa ta riƙe ta da gaske.

Bayan kamar shekara, wata mai zuwa kitso shagonsu, wadda aikinta nemo wa 'yan fim mutanen cika fage, ta ce ana neman matan Afirka, su zo da kayansu na gida. Ni na zuga Yaya. Na ce ta zo mu je ko ta sha iska, in Allah ya so a gan mu a talabijin. Muka ci ado kamar masu zuwa suna, ita da shadda, ni da leshi.

Wani katafaren sito ne a Brooklyn. An zuba yashi a ƙasa, an kafa tantuna, an jera jarkoki. Kafin mu gama kallo an karɓe shaddar da leshin an rataye, an ba mu zannuwan da ko tsumman goge ɗaki ba zan yi da su ba. Wata yarinya mai fara'a ta goge mana kwalli, ta shafa mana hoda mai launin toka a ƙafafu da leɓe. Raina ya ɓaci, na gaya wa Yaya cewa tun da nake kallon finafinan mutanen nan ban taɓa ganin mace irinmu tana cin abinci ta ƙoshi ba. Ko tana ɗauke da ruwa a ka, ko tana gudu, ko tana kuka a bayan wata Baturiya. Yaya ta ce in rufe bakina, Kanawa ba a iya musu.

Abin da ake so mu yi ba wuya. Baturiya likita za ta fito daga tanti a gajiye, a biyo ta da gawa a kan makara, mu kuma mu yi kuka. Aka gwada, muka yi 'yan koke-kokenmu na ƙarya, wasu har suna ƙunshe dariya. Mai ba da umarni ya ce bai isa ba, a sake. A karo na gaba masu ɗaukar makarar suka bi ta gabanmu daf, farin ƙyallen ya zame, ƙafafun yarinyar da ke kwance suka fito. 'Yar makaranta ce, ɗazu na gan ta tana latsa waya. Ƙafafu ne sirara na budurwa, baƙaƙe, tafinsu fari.

Ban taɓa jin irin ƙarar da ta fito daga bakin Yaya ba, kuma ba na fatan in sake ji. Ta faɗi a kan gwiwoyinta, ta kama bakin makarar, tana kiran 'yarta da sunan da take kiranta tun tana goye. Tana cewa ta yafe mata, ta tashi su tafi gida. Na kama ta ina jijjigawa, ba ta san ina yi ba. Na ɗaga kai in ce a tsaya, sai na ga kyamarar ta baro Baturiyar ta matso kanmu a hankali. Da aka gama, duk siton ya ɗauki tafi, mai ba da umarnin ya zo ya rungume ta. Muka hau jirgin ƙasa muka koma Bronx.

Yaya ta yi istigfari, ta yi sadakar waina a masallaci, ta ce kuskure ne na rana ɗaya, Allah mai gafara ne. Har ta fara dawowa da tsokanarta. Sai wata rana a shago wata da ake yi wa kitso ta miƙo waya tana murna, ta ce ga Anti a tallar sabon fim. Da kukan Yaya tallar ta buɗe, tun allon yana baƙi. Matar ta mayar baya ta sake kunnawa don sauran su gani.

Da yamma Yaya ta hau bene ta same ni, ko mayafi babu.

"Ƙanwata, duk wanda ya danna, sai in sake yi?"

Na ce hoto ne kawai, Yaya.

"Muryata ce ko ba muryata ba? Sunanta na kira ko ba sunanta ba?"

Na kai ta wajen limaminmu. Ya yi mata bayani mai kyau, ya ce hawaye rahama ne, kuma Allah ba ya kama wani da laifin wani. Ta saurara, ta yi godiya, muka fito. A bakin ƙofa ta ce mini malam ya yi gaskiya, amma shi ba a gabansa aka haifi yarinyar ba.

Daga nan muka shiga neman wanda zai cire wurin kukan daga fim ɗin. Da ƙyar muka samu wani ofis a Manhattan inda aka harhaɗa fim ɗin. Wadda ta fito mana baƙar fata ce, Ba'amurkiya, ba za ta wuce sa'ar 'yar Yaya ba. Tana ganin Yaya ta dafe ƙirji, ta ce ta shafe watanni tana kallon fuskar nan. Ta ce da an so a yanke wurin a koma kan likitar, ita ta tsaya kai da fata sai an bar shi, domin a duk fim ɗin nan ne kaɗai aka bar baƙar mace ta cika allo ita kaɗai. Da alfahari ta faɗa, kuma ban ga laifinta ba. Ni ce tafinta, sai na gaya mata abin da ya kawo mu.

Idonta ya kawo ruwa. Ta ce ko ta so ba ta da iko. Kamfanin da ya ɗauki fim ɗin don shi kaɗai aka kafa shi, an gama an rufe. An sayar wa masu rarrabawa, su kuma sun ba da haya ga gidajen sinima da tashoshi a ƙasashen da ita ma ba ta san adadinsu ba. Babu mutum guda da za a je a durƙusa masa.

Yaya ta ce, "Tambaye ta, har yaushe za a yi ta kunnawa?"

Na tambaya. Yarinyar ta kalli ƙasa, ni kuma ban fassara komai ba.

Yaya ba ta sake zama inda talabijin ke kunne ba. A shago ta koma kujerar lungu, ta ba allon baya. In ta ga mutum a jirgin ƙasa ya sa abin ji a kunne yana kallon waya, sai in ga leɓenta na motsi. Ta rame, ciwon hawan jinin da take lallaɓawa ya taso mata gaba ɗaya. A asibiti, kwanaki kaɗan kafin ta cika, ta riƙe hannuna ta ce ba ta da abin bar mini sai aiki, tunda dai baiwarta ce ni. Duk inda na ga ana kallon fim ɗin, in roƙi mai kallon ya tsallake wurin. Na ce to. A New Jersey aka binne ta, na toshe bakina da mayafi har aka watse.

Bayan wasu shekaru na tashi zuwa Kano ganin gida. Jirgin rana ne, an raba abinci an kwashe, kowa ya koma kan ɗan allon da ke gabansa. Ta tsakanin kujeru na hango tantunan nan da jarkokin a allon wani dattijon Bature. Likitar ta riga ta fito, makarar na biye. Na kwance ɗamarar kujera na miƙe, na taɓa kafaɗarsa. Ya cire abin kunnensa yana dubana. Na ce don Allah ya wuce wannan wurin, matar 'yar'uwata ce, ta rasu, kuma ba ta so a ji. Bai tambaye ni dalili ba. Ya sa yatsa ya ja fim ɗin gaba, ya ce in yi haƙuri.

Na yi masa godiya, na juyo zan zauna, sai idona ya sauka a kan layukan da ke gaba. Can wata mata da ɗanta suna kallon fim ɗin, gaba da su wani saurayi ma shi ya kunna. Duk ba su kai wurin ba tukuna. Bayana kuwa kujeru ne har ƙarshen jirgi, allunansu sun ba ni baya. Ina tsaye a tsakiyar hanya ma'aikaciyar jirgin ta zo ta ce in koma mazaunina, za mu shiga gargadar iska.