Gonar Ƙetaren Rafi

Gatsine ake ce masa a layin masu walda, kuma bai taɓa musantawa ba, domin fuskarsa ce ta jawo masa. Shekara da shekaru yana rubuta allunan shaguna da bayan motoci a wani ɗan shago mai warin kananzir, tsakanin mai faci da mai gyaran firiji. Ka kawo masa aiki ya yi maka kallon banza, ka yaba aikin ya ce me ka sani. Da rubutu yake cin abinci, amma ransa na bayan labulen shagon, inda yake ɗaure yadi mai kauri a katako yana zana karkara da fentin mai. Ba ya sayarwa, ba ya kyauta, in ka leƙa kuma ya fatattake ka.

Mutum ɗaya yake so ta duba zanensa ta yaba, ita ce mahaifiyarsa. Ita kuwa tun yana yaro shafe-shafe take kiran abin. Ɗan kirki a wurinta shi ne babban ɗanta, direban tanka, wanda take zaune a gidansa tun da ƙafa ta hana ta noma, ido kuma ya fara yi mata hazo. Wa da ƙanen nan ba sa ga maciji tun ranar da aka raba gonar ubansu, ta ƙanen a bakin hanya, ta wan can ƙetaren rafi. Gaisuwa ma sai a gaban tsohuwa, ita ma ciki-ciki.

Da tsohuwar ta fara yawan zancen gona tana cewa ba za ta sake ganinta ba, Gatsine ya ƙudurta zai kawo mata ita har ɗaki. Damina guda ya yi a kan zanen. Ya fara da sama, shafi mara kauri, ya jira ya bushe kafin ya ɗora wani, domin fentin mai ba ya son gaggawa. Abin da ke nesa ya cakuɗa shi da fari da shuɗi har ya dusashe, abin da ke kusa ya lafta masa kore mai kauri, ya bar hasken la'asar ya kwanta a kan kunyoyin masara. A faɗi gaskiya, in ka tsaya gaban zanen sai ka ji kamar ka taka ka shiga. Sai dai a faɗi ɗaya gaskiyar ma. Daga bakin hanya ya tsaya ya zana, saboda haka gonarsa ce ta cika gaba, ta wan kuma ta zama ɗan zirin toka-toka a ƙarƙashin tudu. Ƙa'idar aikin ce, amma ba wanda ya hana shi tsayawa a ƙetaren rafi, kuma ya san abin da yake yi.

Ɗoki ya hana shi jira shafin ƙarshe ya bushe. Ya ɗauko zanen a kansa, ya jingine shi jikin kabad a ɗakin tsohuwar, ya koma gefe yana cin magani kamar bai damu ba. Ta matso har hancinta ya kusa taɓa fentin.

"Auta, na ga masara. Ina ta Babba?"

"Ga ta can, Inna, bayan rafi. Nesa take, shi ya sa."

"Ni ban ga komai ba sai hayaƙi."

Wan yana bakin ƙofa da makullin mota a hannu. Ya shigo ya ƙare wa zanen kallo, ya yi wata dariya mara daɗi.

"Wato gonar tawa ce ka mayar hayaƙi. Taka ta yi kore shar, tawa ko ciyawa ba ta fito ba."

"Yaya, haka ido yake ganin nesa. Tuƙin tanka daban, wannan daban."

"Nesa da wa? Ni da nake nomanta ban taɓa ganin ta yi fari ba."

"To ka zana taka mana, wa ya riƙe ka?"

Nan Gatsine ya yi kuskure, domin wan ba ya barin magana ta faɗi ƙasa. Ya fita, ya dawo da gwangwanin koren fentin da ya rage lokacin da aka shafa ƙofar gida, da burushi mai faɗin tafin hannu. Kafin ƙanen ya gane nufinsa, ya zabga koren daga rafi har gindin tudu. Ɗanyen fentin da ke ƙasa ya narke ya bi burushin. Tudun da ke can nesa ya faɗo gaba, rafin ya ɓace, zanen ya koma kamar bangon makaranta.

Gatsine ya damƙi wuyan rigar wansa.

"Auta," in ji tsohuwar, "a gabana za ka ɗaga wa yayanka hannu?"

Ya saki. Ya ja da baya. Ita kuma ta juya ga zanen, daga inda ta koma ta zauna, ba tare da ta matsa ba. Fuskarta ta washe.

"Yauwa, ga gonar nan. Yanzu kam na gan ta. Ku rataye min inda zan riƙa kallo."

Wan ne ya buga ƙusar. Gatsine ya so ya ɗauke zanen ya gyara, ta ce ko taɓa shi aka yi ba ta yafe ba. Ya koma shago ya ci gaba da rubuta alluna, halinsa sai abin da ya ƙaru, har mai facin ya daina yi masa sannu.

Zanen na nan a ɗakinta, sama da gado. Duk baƙon da ya shigo sai ta nuna masa, ta ce 'ya'yanta biyu ne suka haɗa kai suka yi mata, ƙaramin ya fara, babban ya ƙarasa. In ya zo gaisuwa ya tarar da wansa a ɗakin, sai ta ɗaga hannu ta ce Allah ya ƙara haɗa kansu kamar yadda ya haɗa su a kan aikin nan. Wan yakan amsa da ƙarfi yana kallonsa. Gatsine ma dole ya ce amin.