Inuwar Ƙanwata a Bangon Sito

Mu biyu uwarmu ta bari, ni da ƙanwata, wadda har yau da furfura a kanta Auta nake ce mata. Aure ya kawo mu ƙauye ɗaya a gefen Yargoje, katanga ce kawai tsakanin gidana da nata. Ita Allah ya ba ta hannun girki da fara'a, ni ya ba ni baki. Haka aka raba mana, kuma ba wadda ta taɓa ƙorafi. In an idar da sallar isha'i tsakar gidana yaran unguwa suke cikawa, har da nata jikokin, ita kuma ta zo ta raɓe a bakin murhu tana gyangyaɗi.

A cikin tatsuniyoyina akwai guda wadda ban taɓa jin ta a bakin kowa ba sai gwaggonmu, kuma ni kaɗai ta zaunar ta koya mani, lokacin Auta na goye. Labarin wata yarinya ce da fari ya kama garinsu. Ta je rijiya, rijiya ta ce ba ta ba da ruwa sai an bar mata wani abu. Yarinya ta duba, ba ta da komai, sai ta tuɓe inuwarta ta ajiye a bakin rijiyar, ta ɗebi ruwa ta kai gari. Tun daga ranar take yawo cikin rana ba inuwa, mutanen da suka sha ruwan nan kuma su ne suke gudunta. Akwai waƙa a tsakiya, akwai ƙarshe. Tun ina amarya nake yin ta, duk wanda ya tashi a unguwarmu ya san tawa ce.

To, bara, bayan an gama yankan dawa, sai ga wata malamar makaranta daga Kankara ta yi sallama a gidana. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata. Ta ce matasan Kankara da Faskari da Sabuwa sun haɗa kai, tun da damina kowa yake ɗaukar ɗan gajeren fim da wayarsa, ba irin na soyayya da rawa da aka saba ba, kowa abin da ransa ya raya mashi. In sun gama za su yi biki a Kankara, a nuna wa jama'a. Ta ce tana ƙarama an taɓa kawo ta biki unguwarmu, ta ji labarin yarinya da rijiya a bakina, kuma bai taɓa barin kanta ba.

Na ji daɗi, amma ban nuna ba.

Ta ce, "Inna, gobe da hantsi zan dawo. Ba fuskarki zan ɗauka ba, inuwarki nake so a jikin katanga, kina ba da labarin."

Na ce, "Da hantsi?"

"Ai sai da rana ake samun inuwa, Inna."

Na ce, "Ɗiyata, ba a tatsuniya da rana. Mai yin ta ɓata yake yi a hanya, haka muka tarar. Ki zo bayan isha'i in kunna maki fitila."

Ta ce fitila ba ta ba da irin inuwar da take so, kuma hanyarmu ba ta biyuwa bayan magariba, wannan kowa ya sani. Na ce to, sai haƙuri. Ta yi godiya, ta tashi.

Ni na san za ta dawo. A wurinmu babba ba ya amsawa a roƙon farko. Ana roƙo, ya ƙi, a koma, a turo wani, sannan a zauna a nemi mafita. Har na fara tunanin ko a yi da la'asar sakaliya, rana na gab da faɗuwa, inuwa ta yi tsawo, a ce dare ne ya kusa. Na wanke zanena mai ruwan bula na shanya.

Washegari da hantsi ina sheƙar dawa a tsakar gida, sai na ji murya ta bayan katanga tana cewa, "Ga ta nan, ga ta nanku." Na tsaya da ƙwarya a hannu. Na jawo turmi na kife, na hau, ni da shekaruna, na leƙa. Ga Auta a tsaye a rana tsaka, ta ɗaura ɗankwalinta na zuwa suna, ga malamar ta kafa waya a kan wani ƙarfe mai ƙafafu. Auta tana ba da labarina. Ta sa yarinyar ta je rijiya da bokiti maimakon tulu. Bokiti! Waƙar kuma ta ja ta kamar mai kiran awaki.

Da malamar ta tafi na zagaya.

"Auta, me kunnena ya ji?"

"Yaya, ke kika ce ba ki so. Baiwar Allah ta taso tun daga Kankara, in kore ta?"

"Ba ki tsoron ɓata?"

"Ina zan ɓata, Yaya? Daga ɗaki sai murhu."

"To ƙarshen fa? Me kika ce mata?"

Ta yi dariya har tana riƙe ciki. "Ban ce komai ba. Ni ban taɓa jin ƙarshen ba, kullum barci ke ɗauke ni kafin ki kai can. Ta ce hakan ma ya fi mata."

Na juyo gida. A ranar tuwona bai yi daɗi ba.

Da ranar bikin ta zo na ce ba ni zuwa. Na faɗa wa ɗana, na faɗa wa matarsa, na faɗa wa duk wanda ya shigo. Da mota ta tsaya a bakin hanya sai na tsinci kaina a ciki da zanena mai ruwan bula. Auta aka sa a gaba, kusa da direba, wai ita ce baƙuwar biki. Ni aka cusa ni a baya tsakanin buhun masara da wata mai kaji. Duk ramin da motar ta faɗa ina kallon ɗankwalinta yana rawa.

A wani tsohon siton hatsi suka yi abin, bayan azahar, don kowa ya koma gida da ido. Sun toshe tagogi da buhuna, sun shafa farar ƙasa a bango ɗaya, janareta na ta ruri a waje. Maza a benci ta gaba, mata a tabarmi ta baya, wurin duk warin dawa da zufa. Rabona da majigi tun ina budurwa, lokacin da ake kawo shi a mota a nuna yadda ake shuka auduga.

Na farko wani ɗan Sabuwa ne. Ya ɗaure wayarsa a ƙahon sa, ya yi huɗa da shi. Ba abin da ake gani sai ƙasa tana tashi tana faɗuwa, da kunnen sa yana kaɗa ƙuda. Wani dattijo a gaba ya ce, "Malam, wannan san naka hagu yake ja, ka duba mashi kofato!" Aka yi dariya, mai fim ɗin ya miƙe ya ce gaskiya ne, Baba, ƙaya ce ta soke shi. Na biyu wata 'yar garin Daudawa ce ta ƙasar Faskari, ta ajiye tukunya a ƙarƙashin indararo, ruwan sama yana zuba har ta cika. Shi ke nan fim ɗin. Matar da ke kusa da ni ta ce, "Wannan da ta zo gidana da na nuna mata kyauta, har ɗaki yake zubo mani." Amma da tukunyar ta kusa cika sai na ji siton ya yi tsit, kowa yana jiran ta tumbatsa. Da ta tumbatsa aka yi tafi. Har ni na tafa, don ba ruwana da tukunya.

Sai aka ce saura na malama.

Bango ya yi fari, sannan ya koma jar katanga, katangar da ni da Auta muka yaɓe da hannunmu. Sai inuwa ta shigo. Ba fuska, ba ido, amma ɗaurin ɗankwalin nan da ɗan doron nan ko a mafarki na san su. Auta, wadda ba ta kai kafaɗata ba, ta cika bango tun daga ƙasa har rufi. Muryarta ta fito a lasifika, ta yi kauri, ta yi zurfi, kamar ba ita ba. Malamar ta haɗa da inuwar guga tana sauka, da inuwar karan dawa, da inuwar shaho ta gilma. Da aka zo inda yarinya ta tuɓe inuwarta, sai inuwar Auta ta ɓace daga bangon, aka bar katanga tsirara, murya kaɗai ke tafiya. Na so in ce abin bai yi kyau ba, na nemi inda zan kama, ban samu ba. Bokitin ma ba wanda ya kula da shi. Da ta ja waƙar nan tata karkatacciya sai na ji mata a bayana suna amsawa.

Ana cikin haka bango ya yi baƙi. Fim ya ƙare, yarinya na tsakiyar kasuwa ba inuwa.

Aka kira Auta gaba, aka ba ta kujera, aka miƙa mata abin magana. Dattijon nan na ɗazu ya ce, "Hajiya, kin bar mu a rana. Yarinyar nan ta samu inuwarta ko ba ta samu ba?"

Auta ta ɗaga kai tana neman inda nake. Ni kuwa na riga na gyara zama, na gyara murya. Na ce a raina, nan ciki duhu ne, an toshe rana da buhuna, wannan ai dare ne. Jira nake ta ce, ga mai ita can, ku tambaye ta. Idonta ya sauka a kaina.

Sai ta ce, "Baba, ai ba ta koma rijiyar ba. Wani ƙaton mai sayar da fura ta aura, mai tumbi kamar rumbu. Inuwarsa ta ishe su su biyu, har da 'ya'ya."

Siton ya ɗauka. Maza suna dukan benci, mata suna guɗa, wani yana nuna abokinsa mai ƙiba yana cewa ga angon nan. Malamar tana dariya tana share hawaye. Ni ina zaune, ƙarshen gaskiya yana bakina, na haɗiye shi.

Da muka fito mutane suka kewaye ta, ana ɗaukar hoto. Wata mata ta matso kusa da ni ta ce, "Sannu Inna. An ce ke ce yayar mai tatsuniya?" Na ce ni ce.

A mota Auta ta bar gaba ta dawo baya kusa da ni. Ta ɓare goro ta miƙo mani rabi.

"Yaya, na ga kin ɗaure fuska. Na ce ba za ki yi da rana ba, kada in kira ki a gaban mutane ki ƙi."

"Kin kyauta."

"Wallahi bakina ne kawai ya faɗa, ban san daga ina ya fito ba."

"Na ce kin kyauta."

Na karɓi goron, na riƙe shi a hannu har gida.

Kafin sati ya zagayo fim ɗin ya shiga wayoyin ƙauyenmu. Ina tsakar gida sai in ji muryar Auta tana wucewa a aljihun wani mai babur. Na bari har aka kwana biyu, sannan wata rana bayan isha'i na tara yaran, na ce yau za ku ji tatsuniyar rijiya yadda take. Na fara. Na sa yarinyar ta ɗauki tulu. Na yi waƙar a kan hanyarta, suka amsa da ta Auta, na yi kamar ban ji ba. Na kai su har inda yarinyar ta tsufa, gashinta ya yi fari, ta koma bakin rijiyar da sanda. Rijiya ta ce, ga ajiyarki. Inuwar ta fito, amma inuwar yarinya ce, 'yar ƙarama, yadda aka bar ta. Ta ruga a guje tana tsalle, tsohuwa tana bin ta a baya tana kira, ba ta iya cim mata.

Na yi shiru a inda gwaggo take yin shiru.

Babbar jikata ta ce, "Kaka, kin manta mai furar."

Na ce babu mai fura.

"Akwai! Mai tumbi kamar rumbu! Tsufa ya fara cin kanki, Kaka."

Suka kwashe da dariya. Wani ya ce a je a tambayi mai ita. Suka tashi gaba ɗaya, suka zagaya katanga, na ji suna tashin Auta daga barci. Na ji ta tana cewa su ƙyale ta, su koma wurin Yaya. Ba su dawo ba. Can sai na ji ta fara.

Na naɗe tabarma na kai ɗaki. Sauran tatsuniyoyin ina yi in an zo, amma ta rijiya ban sake buɗe baki da ita ba, kuma har yau ba wanda ya tambaye ni.