Zuwa Lyon Kan Maganar Farautar Duwatsun Asiya

Muna idar da sallar asuba muka fito daga Aubervilliers, unguwarmu da ke gefen Paris, ni da babbar yayarmu, gari bai gama wayewa ba. Dalilin tafiyar kuwa waya ce da matar ƙanenmu ta yi mana daga Lyon, tana kuka. Wai mijinta zai ajiye aikinsa na izin, wato masana'anta, a Saint-Fons, ya bi wasu masu shirin farauta na tele zuwa duwatsun Tajikistan, ya riƙe musu kamara. Mun san yana ɗaukar hoton bukukuwa ranakun hutu, amma daga ɗaukar amarya zuwa bin ragon dutse ai da nisa. Tun a metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, yaya take cewa ita ba ta yarda da aikin da za a biya mutum don ya je kallon dabba ba.

Jirgin ƙasa ya ɗauke mu cikin gudunsa na fitar hankali. Gonaki kore shar, shanu farare masu ƙiba kwance babu mai kiwo. Na je sayo kafe, wato gahawa, da na ji farashin sai na dawo da kofi ɗaya muka raba. Yaya ta ciro kilishin da aka aiko mata daga Damagaram, ƙamshin ya cika taragon. Wani dattijo da ke gefenmu ya yi ta satar kallo har ta miƙa masa. Ya ci, ya yi tari, ya sake miƙo hannu.

A hanya na buɗe mata shirin a salula. Wani Bature ne kwance a kan ƙanƙara da bindiga mai madubi, yana magana ƙasa-ƙasa, can nesa ga rago mai murɗaɗɗen ƙaho tsaye a bakin dutse. Harbi ɗaya, sai kiɗa, sai runguma da 'yan rakiyarsa. Yaya ta kalla har ƙarshe ta ce, "Dukansu suna dariya. Wanda ke ɗaukarsu fa, me ya sa ba a nuna shi ko sau ɗaya?"

Ƙanenmu ya tarbe mu a tasha, muka shiga metiro, muka hau taram, jirgin kan titi, zuwa unguwarsu Minguettes. Dogayen benaye ne jere, iska na kaɗa shanya a tagogi. Matarsa ta yi mana shinkafa da miyar gyaɗa, amma ita ko loma ba ta kai ba. Shi kuwa bakinsa bai rufu ba. Ya ce ya gaji da warin izin da ke bin tufafinsa har gida, wannan ce ƙofar da ya daɗe yana jira. Na ga ya riga ya sayi takalman hawan dutse, suna nan cikin kwalinsu a bayan ƙofa.

Bayan azahar ya kai mu wurin mai shirin, a wani biro, wato ofis, da ke bayan gari. Mutumin yana da fara'a, fara'ar da ta yi yawa har ta sa na ƙara gyara zama. Bango cike da ƙahonni. Ya yi mana bayani da Faransanci ina fassara wa yaya: kwanaki a kan doki kafin a kai sansani, iskar da ba ta isar huhu, sanyin da ke daskarar da ruwa cikin gora, sannan a yi ta hawa ba a ga ko kashin dabbar ba. Duk wannan ya faɗe shi yana murmushi kamar mai tallan turare. Na tambaye shi ina wanda ya riƙe kamarar a baya. Ya ce ya canza sana'a. Na ce me ya sa. Sai ya tambaye ni ko zan ƙara kafe.

Da muka fito yaya ta tsaya a bakin titi ta ce wa ƙanenmu, "Ka san inda tsohon mai kamarar nan yake?" Ya ce ya sani, yana da kanti na gyaran kamara a cikin gari, amma bai taɓa zuwa ba. Ta ce, "To yau za ka je."

Mun same shi a wani ɗan lungu kusa da kogi, mutum ne siriri mai furfura a gemu. Da ya miƙo hannu muka gaisa, sai na ji hannun bai cika tafina ba. Yatsu biyu babu. Bai zagi kowa ba, shi ya sa na fi yarda da shi. Ya ce a tafiyarsa ta ƙarshe ciwon kai ya kama shi a can sama, yana amai, numfashi yana yi masa gardama. Ranar kuma aka hango ragon da maharbin ya zo dominsa daga wata duniya. Aka ce ya daure. Ya cire safar hannu don ya iya danna kamara, ya ɗauki harbin, hoton ya yi kyau ƙwarai. Sai washegari aka sauko da shi a ɗaure bisa doki, likita kuwa, wato asibiti, tana da nisan kwanaki. Kafin a kai shi sanyi ya riga ya cinye yatsun.

Ƙanenmu ya tambaye shi kai tsaye ko yana ganin gara ya fasa tafiyar. Mutumin ya ce shi ba zai ce haka ba, don bai taɓa ganin wuri mai kyan can ba, har yanzu yana mafarkinsa. Abin da ya ce kawai shi ne, "Kafin ka sa hannu, a rubuta wanda zai ce a sauko in ka kwanta. In maharbi ne zai yanke, kai kaya ne."

Mun koma Minguettes muka kwana. Da safe ƙanenmu ya raka mu tasha. Ya ce zai nemi a sa wannan sharaɗi cikin kwantaragi, da asiransi, wato inshora, kuma ba zai ajiye aikin izin ba sai ya ga amsa. In sun ƙi, ya haƙura. Yaya ta riƙe hannayensa biyu ta daɗe tana kallonsu, ta ce, "Yatsu goma na bar maka." Ya yi dariya, ita ba ta yi ba.

Mun iso Paris da la'asar ana yayyafi, masu kaya na tura amalanken kwalaye a titunan Aubervilliers kamar kullum. Tafiyar ta koya mini cewa shirin tele ba sai ya yi ƙarya ba kafin ya ruɗi mutum, ya isa ya yi shiru kan wanda ya sha wuyar. Ta kuma koya mini cewa ƙanen da ya girma ba a hana shi, sai dai a kai shi inda zai ji da kunnensa. Har yau da nake rubutun nan, mai shirin bai ba ƙanenmu amsa ba. Kullum ya kira, sai a ce yana cikin taro.